Ruwan Tekun da Na Kai wa Gwaggo

Duk shekara ana turo mana ɗalibai su yi wata shida suna koyon aiki, kuma duk shekara sai an sami wanda zai leƙa cikin faranti ya taɓe baki ya ce wai wannan ne aikin. A ganinsa laka ce ake shafawa, a rufe, a dawo jibi a tarar abu ya fito. Na gaji da bayani a baki, shi ya sa na rubuta. Ku karanta ku huta, ni ma in huta.

Sunana Murja. Sakandare na gama, ban wuce nan ba, ban kuma ɓoye wa kowa ba. Shekarata tara a ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta a nan Dutsin-Ma. Wankin kwalabe aka ɗauke ni. Yanzu ni ke haɗa wa ƙwayoyi abinci, ni ke dashe, ni ke rini, ni ke riƙe da littafin lambobinsu. Aikin ɗakinmu shi ne tsamo bakteriya daga lakar gaɓar teku, a ware su ɗaya-ɗaya, a gano dangin kowanne, in an yi sa'a a sami wanda duniya ba ta taɓa raɗa wa suna ba. Ku daina tambayata abin da ya haɗa Katsina da teku. Dakta Rabi, shugabar ɗakinmu, ita ta haɗa su. A kudu ta yi karatunta a kan wannan fanni, da ta dawo gida ta taho da aikinta. Ni har yau ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin Zobe. Amma warin lakar teku na san shi fiye da wasu da ke kwana a bakinsa.

Lakar farko da na taɓa buɗewa baƙa ce wuluk, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Dakta takan tafi kudu sau ɗaya a shekara. A can suke soka bututu a cikin taɓo in ruwa ya janye, su zaro shi da lakarsa, su toshe baki biyu, su jera a kula mai ƙanƙara. Kwana biyu take yi a hanya, tana sayen ƙanƙara a tasha-tasha. Bayan kular kuma akwai jarkoki huɗu na ruwan teku tsantsa. Su ake ajiyewa a sito, cikin duhu, su yi watanni su kwanta. Ranar da na buɗe ta farkon nan na ce wa Dakta lakar ta lalace. Ta ce da ba ta yi warin ba da sai ta mayar da ita.

Kafin a bar ni in taɓa laka na yi wata bakwai a bakin famfo ƙarƙashin Malam Iro. Dattijo ne, ya fi kowa daɗewa a ɗakin, ba ya son surutu, ni kuwa ba na son a maimaita mini magana, don haka muka zauna lafiya. Kwalba ɗaya ana ɗauraye ta sau bakwai, na ƙarshe da tataccen ruwa. In na gama sai ya ɗaga ta sama ya duba yadda ruwan ke gangarowa. In ya sauko bai ɗaya kamar mayafi, ta wanku. In ya tsaya ɗigo-ɗigo a jikin gilashi, akwai maiƙo ko sabulu, sai ya mayar mini da kwandon gaba ɗaya, ba kwalbar kaɗai ba. Ya koya mini murza auduga a toshe bakin kwalba yadda za a ɗaga ta da audugar ba ta zare ba. Ya koya mini tukunyar turara kaya, wadda ke kashe duk wani abu mai rai da tururi. Babbar ta wutar lantarki ce, ta fi zama a kashe. Ƙaramar muke ɗorawa a kan gas, kuma minti goma sha biyar ɗin ana fara ƙirga su ne daga lokacin da allurar ma'aunin tururi ta kai inda ake so, ba daga lokacin da kuka kunna wuta kuka fito da waya ba.

Abincin ƙwayoyin shi ne rabin sana'ar. Ruwan teku kashi uku, tataccen ruwa kashi ɗaya, ɗan garin nama, ɗan garin yis, sai wani gari da ake kira aga wanda ke sa abin ya daskare kamar romon ƙafar sa da ya kwana. A turara, a bari ya huce har bayan hannu ya iya jure kwalbar, sannan a zuba a faranti kusa da harshen wuta. Ka yi gaggawa, faranti ya yi gumi ya ɓata aiki. Ka yi nawa, ya daskare maka a kwalba. Ba a magana lokacin zubi, ba a dariya, ba a kunna fanka ko da zufa na shiga ido. Abin da ke bakinku da iskar ɗaki ya fi na teku saurin girma, kwana ɗaya zai mamaye faranti.

Ita lakar, ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ake ɗiba. A kaɗa a ruwa, a ɗebi ɗigo a zuba a kwalba ta biyu, daga ta biyu zuwa ta uku, har ta shida, sai ruwan ya zama kamar ba a sa masa komai ba. Shi ake shafawa a faranti. Daga nan sai jira, kuma nan ne ɗalibai suke ƙosawa. Ƙwayoyin da kuka saba da su a aji kwana ɗaya suke fitowa. Na teku wani sai ya yi kwana biyar, wani mako biyu, ɗan ɗigo kamar kan allura. Kowane ɗigo mai kama ta daban za ka ɗauke shi da waya mai zobe a baki, wadda ka ƙona ta yi ja ta huce, ka ja layi a sabon faranti. Ka sake. Ka sake. Sai ka tabbata shi kaɗai ne a farantin babu baƙo, sannan a ba shi lamba. Bayan haka rini, a duba a madubin ƙara girma: shuni ya kama ko ja, sanda ne ko ƙwallo ko lauje. A gwada gishiri nawa yake jurewa, zafi nawa, wane sukari yake ci. A ƙarshe a tatsi ƙwayar gadonsa a aika inda ake karanta ta, a gwama da na duk waɗanda aka sani. Amsar da ke dawowa kusan kullum ɗaya ce: an san shi, wani ya riga ku. Wata huɗu na aiki, layi ɗaya a takarda.

Masu zuwa ƙofarmu iri-iri ne. Akwai masu digiri na biyu, su ne ke son a yi musu aikin wata uku a mako ɗaya. Akwai mutanen gari da suka ji an ce ɗakin gwaji, su zo da fitsari a kwalba, in nuna musu hanyar asibiti. Wani Bafulatani ya taɓa kawo mini nono a ƙwarya, wai in duba masa abin da ya sa yake tsinkewa. Sai kuma masu neman ruwan teku, waɗanda suka fi kowa naci. Tun da labari ya fita cewa akwai shi a jarka a sitonmu, ba a mako ba a zo ba. Wannan ya ce na ciwon ƙafa ne, wancan na ƙaiƙayi, wata ta ce malaminta ne ya ce ta nemo a haɗa mata. Masinja, direba, har manya masu ofis sukan aiko da gora. Dokar Dakta ita ce ko cokali kada a ba kowa. Ni aka fi turawa in ba da amsa, saboda ba na jin nauyin cewa babu.

A shekarata ta biyar muka sami wanda ya bambanta. Ni na tsince shi a gefen wani faranti da aka kusa zubarwa, kwana goma sha ɗaya bayan shafawa. Ɗigo ne mai ruwan goro, mai sheƙi, gefensa sumul. Lambarsa tana littafi, amma Malam Iro ya kira shi Mai-Goro, sunan ya bi shi. Da amsar ƙwayar gadonsa ta dawo, Dakta ta karanta sau biyu, ta ce a sake aikawa. Ta biyu ta dawo daidai da ta farko: yana da dangi na nesa, amma shi kansa babu shi a cikin waɗanda aka sani. Shekara biyu muka ƙara muna yi masa gwaje-gwaje.

Ga abin da ba a gaya muku a aji. Takarda da hoto ba su isa a raɗa wa sabon bakteriya suna ba. Dole a aika shi da ransa zuwa ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu daban, su raya shi, su tabbatar, su ba da shaida. In ya mutu a hannunku kafin nan, duk abin da kuka rubuta ya zama labari. Ba kuma za ku koma bakin teku ku ce ku sake tsinto shi ba, kamar neman ƙwayar gero ɗaya ce a cikin yashin gulbi.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekara. Firizarmu mai tsananin sanyi, inda ake daskarar da kowane iri a ajiye, ta ƙone a tsakiyar bazara ana cikin hutu. Kafin a ankara duk abin da ke ciki ya narke ya mutu. Tallafin aikin ya yanke, Dakta ba ta je kudu ba, jarkoki suka ƙare saura ɗaya, ita ma rabi. Dakta ta ja layi da baƙin alƙalami a jikinta daidai inda ruwan ya tsaya, duk haɗin da aka yi sai ta sake jan sabon layi. Mai-Goro ya rage a 'yan kwalabe sirara kawai, kuma hanyar raya shi ɗaya ce: dashe duk kwana goma sha huɗu a sabon abinci, kamar mai kwana da garwashi. Zafi ba ya yi masa daɗi, wuta kuma babu. Malam Iro ya sayo randa biyu a kasuwa, ya sa ƙarama a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da buhun algarara mai laima. A nan Mai-Goro ya zauna wata da watanni.

A cikin wannan hali Gwaggo Dije ta aiko. Yayar babana ce, a Tamawa take, a hannunta na tashi tun ina shekara huɗu har na shiga sakandare. Gwiwoyinta sun kumbura, wata ta gaya mata ruwan teku ake gasawa da shi. Na ce wa ɗan aiken babu. Ta sake aikowa, na ce doka ce. Karo na uku ba ta aiko da roƙo ba, sai ta ce a gaya mini ta gode, ta ji 'yar da ta goya tana tsaron ruwa. Ranar Juma'a, bayan kowa ya tafi masallaci, na cika galan ɗaya daga jarkar, na kai mata.

Saura layin Dakta. A nan ne ɗan ilimin da nake da shi ya cuce ni. Muna da wata 'yar na'ura da ake ɗiga mata ruwa a leƙa, ta nuna yawan gishirinsa. Na zuba tataccen ruwa har ya kai layi, na sayo gishirin miya na leda, na riƙa ƙarawa ina leƙawa har na'urar ta nuna daidai abin da take nunawa da. A lissafina gishiri gishiri ne. Na yi haɗi da shi, sauran ƙwayoyinmu suka fito lafiya lau, har da Mai-Goro, ko da yake ya ɗan yi jinkiri. Na ce to shi ke nan. Bayan wata ɗaya Gwaggo ta ce maƙwabta sun cinye mata, na sake cika galan, na sake cika jarka. Na kuma yi na uku.

Dashen da ya biyo bayan na uku, Mai-Goro ya fito siriri kamar zare, launinsa ya koɗe. Na gaba, cikin kwalba shida biyu ne suka nuna alama. Dakta ta zargi zafi, aka ƙara wa randa ruwa. Ta zargi garin aga, aka buɗe sabon gwangwani. Ta leƙa na'urar gishiri da kanta, ta ga daidai. Ni ina tsaye, kuma gaskiya har lokacin ban yarda ruwan ba ne, tunda sauran suna girma. Da abin ya ƙi, sai ta juya kan kwalabe. A gaban ɗalibai ta ce wa Malam Iro idonsa ya fara rauni, yana barin sabulu. Ya kwashe kwalaben duka ya sake wankewa da hannunsa, aka sake dashe daga kwalba biyun nan. Ba abin da ya fito. Ɗaya daga cikin biyun kuma fumfuna ta shige ta. Saura ɗaya, mai kwana goma sha biyu.

Washegari da safe na tarar da Malam Iro a sito, ya tsiyaya ruwan jarkar a murfi. Ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, shi ya koya mini haka. Ya sa a harshe, ya tofar, ya sake sawa. Sannan ya kira Dakta, ya ce mata ruwan teku yana da ɗaci a bayan gishirinsa, ɗacin da ke kama maƙogwaro, shekara da shekaru yana jin sa in ya fantsar masa a leɓe.

"Wannan kuwa, Dakta, ruwan miya ne. Kuka kawai ya rage a kaɗa."

Dakta ta dube shi, ta dubi jarkar. Ban jira a fara tambayar masu shara da masu gadi ba. Na ce ni ce, na faɗi sau nawa, na faɗi abin da na zuba, na faɗi wanda na ba. Ta saurara har na gama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce na'urar nan nauyin gishiri kawai take gani, ba ta san wane iri ba ne. A ruwan teku akwai gishiri kala-kala bayan na miya, sauran ƙwayoyinmu ba su damu ba, shi wannan da ɗayansu yake rayuwa, ba mu ma gama gano wanne ba. Daga nan ta ce maganata da ita sai an gama, yanzu ruwa take nema.

Ta buga wa wani abokin aikinta a kudu, ya ce zai sa a ɗebo a ba direban babbar mota, amma a ba shi mako guda ko fiye. Ta duba sito don ta haɗa ruwan teku na sinadarai da hannu, ta tarar biyu daga cikin sinadaran babu, ta haɗa da abin da ya samu. Malam Iro ne ya ce galan na farko da na fitar tsantsa ne, tunda kafin shi ban taɓa jarkar ba. In akwai sauransa a Tamawa, ya fi komai kusa.

Da hantsi na shiga motar Kurfi, daga can na hau babur. Lokacin saboda rashin tsaro ba a bin hanyar in la'asar ta yi sanyi, don haka ɗan acaɓan ya ce in ban fito da wuri ba zai tafi ya bar ni. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince wake, ta miƙe ƙafafu. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Dutsin-Ma ɗaya-ɗaya. Ba ni da lokacin kewaye-kewaye. Na ce na zo karɓar ruwan da na kawo mata, na farkon.

Ta ajiye faifan. Ta ce in sake faɗi. Na sake, na ƙara da bayanin abin da ke randa yana mutuwa, na kuma gaya mata galan na biyu da na uku rabinsu gishirin miya ne.

"To ai na ukun ya fi yi mini aiki," in ji ta. "Shi ne na samu na taka har gona."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, ni dai na farkon nake so.

"Murjanatu, mi kika ce sunan abin nan naku?"

Na ce ba shi da suna tukuna, sunan ake nema masa.

"Abin da ko suna bai da, shi za ki zo ki kwance kyauta dominsa? A gidan wa kika ga an yi haka? Ko yara in sun ba juna ƙuli ba su dawowa su ce a ba su abinsu."

Ta tuna mini abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya yi kyauta ya koma ya karɓe, ba sai na rubuta shi a nan ba, kun san shi. Na ce na sani. Na ce kuma tun farko ba nawa ba ne na bayar, satowa na yi. Wannan ya fi ɓata mata rai fiye da komai, don yanzu na mayar da ita mai cin kayan sata. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na fara jin ɗan acaɓa yana danna oda a waje. Can ta ce nata na farko ya ƙare tuni, amma ta raba wa gida huɗu a kwalabe. Ba za ta aika ba, ba za ta raka ni ba. In je da ƙafata in roƙa da bakina, in kuma gaya musu ba ita ta turo ni ba.

Na bi gidajen. A na farko matar ta wanke allo da shi, ya yi baƙi da tawada, na bar mata. A na biyu an haɗa na farko da na baya a kwalba ɗaya, na ɗanɗana na ji ba ɗaci. Kowane gida sai an tara mini mata, an tambaye ni ko ba ni ce 'yar Dije ba, ko aikin gwamnatin ne ya koya mini haka. A na uku wata tsohuwa ta ba ni rabin kwalbar lemo, ta ce in zuba a wani abu in bar mata kwalbarta. Na sa a harshe, ɗacin ya kama ni. Na huɗu rugar Inna Jumma ce, Bafulatanar da ke kawo wa Gwaggo nono, a bayan gari. Tata cike take, ba ta ko buɗe ba, ta rataye ta a cikin bukka tana ajiyar ranar buƙata. Ta saurare ni, ta kwanto ta miƙo mini. Ta ce ita ba ta gane bayanina ba, amma ta san abin da ake nufi da a ce iri ya rage ɗaya, ta taɓa ganin haka a garke.

Kafin la'asar ina Dutsin-Ma da abin da bai kai lita biyu ba. Muka tace, muka haɗa, muka turara. Malam Iro ya zuba faranti shida. Dakta ta ce ni zan yi dashen, ba don ta yafe ba, sai don hannuna ya fi na kowa sabawa da shi. Kwalbar ƙarshe ta cika kwana goma sha uku, abin da ke cikinta ya zama kamar tabon shayi. Na kankare rabinsa, na ja layi a faranti shida na ruwan Tamawa da uku na haɗin Dakta, sauran rabin muka bari don ruwan da ke hanya. Muka jera a randa.

Kwana huɗu babu komai. Kwana biyar babu. Ba a buɗe faranti don a leƙa, ta bayansa ake dubawa a hasken taga, kuma sau ɗaya a rana ya isa, duba goma ba ya sa shi girma. Ranar ta bakwai, a faranti na huɗu, can ƙarshen layi, ɗigo biyu suka fito masu ruwan goro. Sauran biyar ba su ba da komai ba, na haɗin Dakta ma haka. Ba wanda ya yi murna tukuna, don ruwan da ya zaga gidajen mutane yana iya zuwa da baƙo mai kama da shi. Na yi rini, na duba: ja, sanda siriri, kamar yadda yake a littafi. Muka sake gwaje-gwajen farko, suka yi daidai. Tabbacin ƙarshe sai da amsar ƙwayar gado ta dawo bayan wata biyu.

Ruwan babbar mota ya iso a rana ta goma. Muka yi haɗi da shi, muka kankare sauran rabin tsohuwar kwalbar muka dasa. Mun jira mako uku. Ba abin da ya fito.

An ba ni takardar gargaɗi, tana cikin fayil ɗina, duk mai so ya je ya karanta. Dakta ta tara duk waɗanda ke wurin ranar da ta yi wa Malam Iro maganar sabulu, ta ba shi haƙuri a gabansu, sannan ta ce saura ni. Na ba shi. Ya ce ya wuce, ya miƙo mini kwandon kwalabe. Wata uku na koma bakin famfo. Mai-Goro yanzu yana daskare a wuri uku, ma'ajiya ɗaya ta karɓe shi ta ba da shaida, ta biyun ana ta takardu. In ta fito, Dakta za ta raɗa masa suna.

A Tamawa kuwa an riga an raɗa mini nawa. In na shiga gidan biki, mata sukan ce a ɓoye goron da na raba kafin in canza shawara. Da ƙaramar salla na kai wa Gwaggo turmin atamfa mai kyau. Ta karɓa, ta sa albarka, ta ɗora a kan akwati. Da babbar salla na koma na gan shi a inda ta ajiye shi, ko ledar ba a cire ba. Na tambaye ta ko telan ne ya yi mata nisa, in kai mata Kurfi a ɗinka.

Ta ce a'a, tela na nan bayan masallaci.

"Jira nake in ga ko za ki dawo ki karɓa. Ba na so in sa almakashi a kayan mutane."

Shekara biyu ke nan. Yana nan a ninke.